Yadda Ake Sana'ar Sayar da Kayan Gwanjo ta Intanet Daga Gida

Matar da ta shiga kasuwa sayen gwanjo takan ɗaga riga ta kalle ta a hasken rana, ta murza yadin da yatsunta, ta leƙa hammata da wuya, ta ja robar ƙugu, kafin ta buɗe baki ta taya. Wadda za ta saya ta waya kuwa hoto kaɗai take gani, sai 'yan kalmomin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Saboda haka duk aikin da idonta da hannunta za su yi mata, mai sayarwa ce za ta ɗauke shi, kuma ladan wannan aikin shi ne ribar sana'ar. Zan yi magana da mata kai tsaye, domin su na fi gani suna wannan sana'a daga cikin gida, matan aure da ɗalibai da ma'aikatan da ke neman ƙari a kan albashi, amma matakan duk ɗaya ne ga namiji.

Mataki na farko: tsayar da nau'in kaya guda ɗaya

Gwanjo yana da faɗi ƙwarai: akwai kayan yara, rigunan sanyi, dogayen riguna, jakunkuna, takalma, labule, zannuwan gado da barguna. Mai ƙaramin jarin da ta ɗebo kaɗan daga kowanne ba za ta ƙware a ko ɗaya ba, masu saye kuma ba za su san abin da za su neme ta da shi ba. A ganina kayan yara 'yan shekara ɗaya zuwa goma sun fi dacewa da mai farawa, domin yaro yana girma ya bar kaya tun ba su mutu ba, dole uwa ta sake saye bayan 'yan watanni, ga shi ba su da nauyin aikawa, kuma idan riga ta ɗan yi wa yaro yawa ajiye masa ake yi, ba a dawo da ita. Takalmi da jaka sun fi riba a kan guda ɗaya, sai dai suna buƙatar idon da ya daɗe yana gani. Kayan ciki kuwa shawarata a bar su gaba ɗaya saboda tsafta.

Ki kuma lura da lokaci. Ana neman rigunan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don haka a Satumba ko Oktoba ake sarinsu tun farashinsu bai tashi ba. Jakar makaranta da baƙin takalmi kasuwarsu tana gab da komawa makaranta a Satumba. Kusa da sallah hankalin mutane yana kan sabon ɗinki, sai a karkata ga labule da zanin gado da jaka.

Mataki na biyu: sanin inda ake sari da yadda ake yinsa

Kayan suna zuwa ne a ɗaure cikin dila daga ƙasashe irin su Ingila, Amurka, Kanada, Koriya ta Kudu da Sin, kuma an riga an ware su tun can bisa nau'i da daraja, dilar kayan yara daban, ta rigunan sanyi daban. Nauyin da aka fi sani shi ne kilo 45 da kilo 55, akwai kuma mai kilo 100. Tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta Najeriya ta hana shigo da su, shi ya sa yawancinsu ke fara sauka a Kwatano ko Lome, shi ya sa kuma farashinsu ke motsi da duk abin da ya taɓa kan iyaka ko darajar naira. An ga haka lokacin rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma sake gani bayan da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023. Abin da wannan ke nufi ga mai ƙaramin jari shi ne ta yi sarinta a cikin kasuwar gari, ta bar harkar tsallaka iyaka, kuma kada ta dogara da farashin watan jiya wajen lissafin na yau.

A Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai ita ce ta yi suna da gwanjo. A Kaduna akwai Kasuwar Barci da ke Tudun Wada. A Legas kuma Katangowa. Hanyar saye iri biyu ce, ko a sayi dila a rufe, ko a je zaɓe lokacin da mai dila ya fasa. Sayen dila a rufe cinikin biri a sama ne ga wadda ba ta san mai sayarwa ba, domin ba a buɗewa sai an biya, kuma ko dila mai kyau ba ta rasa kayan da ba za su shiga hoto ba. Wanda yake da rumfa a kasuwa yana iya zube ragowar a ƙasa ya karyar. Ke da kike cikin gida ba ki da wannan damar, za su zauna miki a ɗaki ne tare da kuɗinki a jikinsu. Saboda haka ki fara da zaɓe, ko da kowane guda ya fi tsada.

Kafin ki kashe ko sisi, ki yi zuwa ɗaya ko biyu na kallo kawai. Ki tambayi masu rumfa ranakun da suke fasa dila, waɗanda galibi da sassafe ne, ki ji kuɗin zaɓen farko da na biyu, ki karɓi lambar mutum biyu ko uku. Idan mai rumfa ya ga kina zuwa a kai a kai kina biya ba tare da ja-in-ja ba, shi da kansa zai riƙa kiranki tun daren ranar fasawa, wani lokaci ma ya ware miki irin abin da ya san kina nema.

Mataki na uku: duba kaya kafin biya

A nan ake cin riba, a nan kuma ake faɗuwa. Cikin rumfa yawanci da duhu, ga turereniyar masu zaɓe, don haka ki fara ɗebe duk abin da ya ja idonki ki tara gefe, sannan ki koma bakin rumfa inda haske yake ki bi su ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa.

Ki ɗaga riga tsakaninki da haske, domin ƙananan hujin da asu ya yi ba sa bayyana sai ta haka. Ki juya cikinta waje ki bi ɗinkin hammata da na tsakanin ƙafafun wando, ki ɗan ja gefe da gefe ki ga ko zaren yana buɗewa. Ki duba wuya da bakin hannu, wuraren da datti ke kamawa da koɗewa. A kayan yara, ƙirji shi ne wurin tabon abinci, gwiwa kuma wurin sirancewar yadi. Ki ja zif sama da ƙasa sau biyu, ki ƙirga maɓallai, ki ja robar ƙugu ki saki. Idan ta yi ƙara kamar busasshen ganye ko ta ƙi komawa, ta mutu. Sannan ki shinshina, domin warin dila yana fita da wanki, amma warin fumfuna sau da yawa yana tare da ɗigo-ɗigon baƙin tabon da ba ya fita.

Ya kamata ki rarrabe aibin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa. Maɓallin da ya fita, ɗinkin da ya warware a kan layinsa, robar ƙugu da ƙurar ajiya duk suna gyaruwa da kuɗi kaɗan, kuma hujja ce ta neman ragi. Tabon bilic, tsohon tabon mai, rawayar hammata da ta daɗe, da yadin da ya saki ya yi tsawo, waɗannan a bar su komai kyan rigar.

Takalmi yana da nasa gwajin. Ki lanƙwasa tafinsa da ƙarfi ki kalli wurin lanƙwasar, domin akwai irin robar da ke ruɓewa idan ta daɗe a ajiye, takalmi yana sheƙi a ido amma ranar farko da aka taka shi sai tafin ya marmashe. Ki haɗa ƙafa biyu baya da baya ki tabbatar lambarsu da launinsu ɗaya ne. A jaka kuma ki murza kusurwoyi da hannun rataya da farce a hankali. Idan fatar roba ce da ta fara saɓulewa, ɓawonta zai biyo yatsanki, kuma babu mai da zai tsayar da ita.

Ki saba da karanta 'yar takardar da ke ɗinke a wuya ko a gefen riga. Sunaye irin su Next, Marks & Spencer, George, H&M da Zara, ko Clarks a takalmi, masu saye da yawa sun san su kuma sukan ƙara kuɗi dominsu. Takardar tana kuma faɗin irin zaren, kuma a yanayin zafinmu auduga zalla ta fi zaren roba saurin shiga, musamman a kayan jarirai.

Mataki na huɗu: wanki, gyara da guga

Kada kayan da suka fito daga kasuwa su shiga ɗakin kwana ko su haɗu da kayan gida kafin a wanke su. A bar su cikin buhunsu a tsakar gida, a zazzage, a duba aljihu, a ware farare daban, masu duhu daban, masu zuba kamar ja da shuɗin jins daban. A jiƙa su cikin ruwa da garin sabulu na awa ɗaya ko biyu, a wanke, a ɗauraye sosai. Ɗan farin khal (wato vinegar) a ruwan ɗauraya na ƙarshe yana taimakawa wajen kashe warin dila. Bilic na fararen kayan auduga ne kaɗai, kuma haɗa shi da khal haɗari ne domin yana fitar da iska mai guba, don haka ko a bokiti ɗaya kada su biyo juna ba tare da an ɗauraye shi ba.

Alamomin da ke jikin takardar riga suna faɗin yadda za a bi da ita. Hoton baho mai lamba 30 ko 40 ko 60 yana nuna iyakar zafin ruwan da yadin zai jure, alwatika mai giciye tana hana bilic, ɗige-ɗigen cikin hoton dutsen guga kuma suna nuna ƙarfin wuta, ɗaya kaɗan, uku sosai. Zannuwan gado, tawul da kayan auduga da ke jure digiri 60 ya kamata a wanke su da ruwa mai wannan zafin, domin yana kashe kuɗin cizo da ƙwarƙwata da ƙwayayensu. Rigar sanyi ta ulu kuwa ruwan zafi yana tsuke ta, sai a wanke da ruwan sanyi, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa ta a kwance ta bushe, domin idan aka rataye ta jiƙe za ta saki. Masu launi a juya cikinsu waje kafin shanya don kada rana ta ci su.

Bayan sun bushe sai a tara masu buƙatar allura a kai wa tela gaba ɗaya, hakan ya fi araha. A aske ƙududdugan zaren da ke fitowa a jikin rigar sanyi da reza a hankali, a goge komai, sannan a turara a kan kabbasa idan ana so, ban da kayan jarirai waɗanda ya fi kyau a bar su da ƙanshin sabulu kawai. Turare ƙari ne a kan wanki, kuma duk wadda ta lulluɓe warin dila da shi, mai saye za ta gane tun daga wankin farko.

Mataki na biyar: awo, lamba da littafi

Lambar girman da ke jikin riga ba abin dogaro ba ce, domin kowace ƙasa da tsarinta. Abin da Ingila ke kira 12 a rigar mata shi ne kusan 40 a yawancin sauran ƙasashen Turai, kuma 8 a Amurka, kayan Koriya da Sin kuma sukan fi ƙanƙanta. A kayan yaran Turai lambar tsawon yaro ce a santimita: 104 na ɗan kimanin shekara huɗu, 116 na shida, 128 na takwas. Ki shimfiɗa kowace riga ki auna da tef ɗin tela, a inci kamar yadda aka saba: faɗin ƙirji daga hammata zuwa hammata, tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasa, tsawon hannu, a wando kuma ƙugu da tsawo. Da wannan awon uwa za ta iya ɗauko rigar da ke yi wa ɗanta daidai ta gwada a gida.

Ki ba kowane kaya lamba, ki rubuta a 'yar takarda ki liƙa a ledarsa, sannan ki shigar a littafi: lamba, bayani, awo, kuɗin saye, ranar saye, kuɗin sayarwa da sunan wadda ta saya. Tunda kowane kayan gwanjo guda ɗaya ne tak, wannan lambar ce za ta hana ki sayar da riga ɗaya wa mutum biyu.

Mataki na shida: yanke farashi

Kuskuren da ya fi cin jarin masu farawa shi ne ɗaukar kuɗin saye a matsayin uwar kuɗi. Ga misali don lissafi kawai. A ce kin zaɓo kaya 30 a kan naira 1,500 kowanne, jimla 45,000, sannan kuɗin mota, sabulu, tela, guga, leda da data suka ci 15,000. Uwar kuɗi ta zama 60,000, wato 2,000 a kan kowanne. To, ba duka za su fita a kan farashinsu ba. Idan 6 suka yi kwantai, sauran 24 ne za su ɗauki nauyin, kowanne ya koma 2,500. Wadda ta sayar a kan 3,000 tana zaton ta ninka kuɗinta, alhali abin da ya shigo 72,000 ne, ribarta 12,000 ke nan kafin a lissafa wahalarta.

Ba dole kowane kaya ya ɗauki riba iri ɗaya ba. A cikin talatin za a sami huɗu ko biyar da kamar ba a taɓa sawa ba, wasu ma da takardar shago a jikinsu, kuma su ne za su ɗauki kaso mafi girma. Ki leƙa farashin masu sayar da irin kayanki, ki kuma san kuɗin sabon makamancinsa a kasuwa, ki bar ɗan wurin tayi kaɗan, sannan ki rubuta farashin a fili. Ɓoye farashi da cewa a biyo ki ta akwatin saƙo yana korar masu kunyar tambaya, kuma suna da yawa.

Mataki na bakwai: hoto da bayani

Wayar da kike da ita ta isa idan kin goge gilashin kyamararta kuma kin sami haske. Ki ɗauki hoto da safe ko da la'asar, a inuwa mai haske ko kusa da taga, ba cikin tsakar rana ba kuma ba da fitilar waya ba. Ki rataye rigar a hanga jikin bango marar ado, ko ki shimfiɗa ta a kan farin zani, kuma ki tsaya a kan wuri guda kullum domin shafinki ya zama da kama ɗaya. Kowane kaya yana buƙatar hoton gaba, na baya, na takardar wuya, da na kusa da ke nuna yadin. Kada ki ƙara wa hoto launi. Idan kyamara ta mayar da ruwan toka ya koma shuɗi, ki faɗa a rubuce.

Idan akwai aibi, komai ƙanƙantarsa, ki ɗauke shi a hoto da yatsanki yana nuna wurin. Bayanin zai iya zama kamar haka: "Lamba 14. Rigar sanyi ta yara, Next, ruwan toka. Faɗin ƙirji inci 14, tsawo inci 18, za ta yi wa ɗan shekara biyar zuwa shida. An canza maɓalli ɗaya, akwai ɗan koɗewa a bakin hannun dama, duba hoto na huɗu. An wanke, an goge." Bayyana aibi wajibi ne a shari'ar ciniki, kuma a kasuwance shi ne abin da zai sa ranar da kika rubuta cewa kaya ba shi da aibi a yarda da ke ba tare da neman ƙarin hoto ba.

Mataki na takwas: inda ake tallatawa

Ki fara da WhatsApp Business, wanda kyauta ne kuma yana da wurin jera kaya da farashinsu, da alamomin da za ki rarrabe wadda ta biya da wadda ake jira. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kaɗai ke ganinsa, saboda haka ki roƙi duk wadda ta yi miki magana ta ajiye lambarki. Instagram da TikTok su ke kawo baƙin ido, musamman da gajeren bidiyon da ake juya kaya a gaban kyamara, Facebook Marketplace da shafin saye da sayarwa na Jiji kuma sun fi dacewa da manyan abubuwa kamar labule, bargo da jaka. Ki tsayar da rana da lokacin da kike sakin sababbin kaya kowane mako, ki sanar tun da wuri, domin masu son zaɓen farko su zauna da shiri. Kaya 10 zuwa 15 a lokaci guda sun isa. Hotuna hamsin a jere ba mai kallonsu har ƙarshe.

Mataki na tara: karɓar kuɗi da aikawa

Ki buɗe asusu na daban domin sana'ar, a banki ko a manhajoji irin su OPay, Moniepoint ko PalmPay, don kada kuɗin cefane ya cakuɗe da jari. Ki rubuta ƙa'idojinki a inda kowa zai gani: wadda ta fara biya ita ke da kaya, ba a ajiye wa mutum kaya fiye da awa kaza sai da kafin alƙalami, kuɗin aikawa a kan mai saye yake, kuma ana karɓar kaya a dawo da kuɗi idan aka sami aibin da ba a faɗa ba. Kada kaya ya bar hannunki saboda hoton rasit ko saƙon alat, domin ana ƙirƙirar na bogi. Ki buɗe manhajar ki ga kuɗin a cikin asusunki da idonki. Bashi kuwa, musamman ga 'yan'uwa da ƙawaye, ki rufe ƙofarsa tun ranar farko cikin ladabi, domin ya fi wuyar rufewa daga baya.

A cikin gari ki sami mai kai saƙo ɗaya ko biyu da kika yarda da su, ki haɗa saƙonnin unguwannin da ke kusa da juna a fita ɗaya. Ba lallai baƙo ya san ƙofar gidanki ba. Wani shago sananne a bakin titi ya isa wurin karɓa. Na wani gari kuma ana yin waybil a tasha, wato a ba direban mota saƙon ya kai, a Kano kamar Unguwa Uku, Ƙofar Ruwa, ko tashar manyan motocin Kudu da ke Sabon Gari, gwargwadon inda kayan suka nufa, ko a ba kamfanin jigila irin su GIG Logistics, wanda ya fi tsada amma yana ba da lambar bin sawun kaya. Ki ninke kaya a leda biyu, musamman da damina, ki rubuta suna da lambar mai karɓa da manyan baƙaƙe, ki ɗauki hoton ƙunshin, sannan ki tura wa mai saye lambar direba da ta motar nan take.

Mataki na goma: kwantai da juya jari

Duk kayan da ya kai wata ɗaya bai fita ba, ki fara sake masa hoto, domin wani lokaci hoton ne bai yi ba. Idan ya ƙara mako biyu, ki rage kuɗinsa ko ki haɗa uku a farashi ɗaya, idan kuma ya kai wata uku ki karyar da shi ko da a kan uwar kuɗinsa, ban da kayan sanyi masu kyau da za a iya adanawa a busasshen wuri da kafur zuwa wata shekarar. A ƙarshen kowane wata ki zauna da littafinki ki ga girman da ya fi fita, launin da ya fi zama, da mai rumfar da kayansa suka fi kawo riba, da wannan bayanin za ki koma kasuwa.

A watannin farko ki mayar da mafi yawan ribar cikin jari, ki yanka wa kanki wani adadi tsayayye da za ki riƙa cirewa. Sai kin ga zaɓen mako ba ya isar masu sayenki, kuma kina da hanyar fitar da kaya masu daraja ta biyu, ko ta wata mai talla a unguwa ko ta ranar rangwame, sannan ki yi tunanin dila. Ko a lokacin ma ya fi aminci ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku fasa tare a gaban juna. A daidai wannan matakin ne kuma ya dace ki yi wa sunan kasuwancinki rajista a Hukumar CAC mai kula da rajistar kamfanoni, wadda ake iya yi ta intanet, domin ki buɗe asusu da sunan sana'ar maimakon sunanki.